Daga Hoton CT Zuwa Ƙashin da Za Ka Riƙe a Hannu: Wace Manhaja Za Ka Ɗauka?

Bayan kaka, ɗan yayana da ke shekarar ƙarshe a fannin injiniya ya dawo gida hutu, ƙauyenmu da ke kan hanyar Hadeja. Ya same ni a zaure bayan la'asar, laftof a hammata, faifan CD a aljihu. Aikin da aka ba shi na kammala karatu shi ne ya zana ƙarfen da ake ɗaura wa karyayyen ƙashin ƙauri, ya kuma gwada a kwamfuta ya ga nauyin da zai iya ɗauka. Ya ce, "Baffa, malamina ya ambaci Mimics, abokaina sun ce in sauke 3D Slicer, wani kuma ya ce zai sa mini Mimics ɗin na sata a kyauta. Wanne zan bi?" Na ce masa ya zauna, maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da muka tattauna a wannan yammaci shi na faɗaɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne a tsakiyar wannan ruɗani ba. Yaranmu da ke karatu a Wudil, Dutse, Kazaure da Kano suna ta cin karo da shi, kuma a yankin da haɗarin babur ke karya ƙafafu kusan kullum, aikin ya cancanci a yi shi da kyau.

Sai ka san mene ne aikin kafin ka zaɓi kayan aiki. Na'urar CT tana ɗaukar jiki ne yanka-yanka, kamar yadda mai shayi ke yanka biredi, kowane yanki hoto guda. Ana ajiye su a tsarin da ake kira DICOM. Yawanci kowane yanki ɗigo 512 ne a tsaye da 512 a kwance, girmansa kusan rabin megabayit, don haka yanka 600 za su kai megabayit 300. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba a ma'aunin Hounsfield, sunan injiniyan Ingila da ya ƙera na'urar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1979. A wannan ma'auni ruwa 0 ne, iska 1000 ƙasa da sifili, ƙashi kuwa daga ɗaruruwa yake farawa, ɓawonsa mai tauri ya haura 1000. Aikin manhaja shi ne ta taimake ka ka ware ƙashi daga nama da jini a cikin waɗannan yankuna, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa, sannan ta haɗa abin da ka ware ya zama siffa mai tsawo da faɗi da kauri. Hoton na'urar MRI, wadda ke ɗaukar cikin jiki da maganaɗisu, ba shi da irin wannan tsayayyen ma'auni, shi ya sa ware shi ya fi cin lokaci.

Ma'aunan da na yi amfani da su wajen kwatanta manhajojin

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi a wurina: ina siffar za ta ƙare? Siffar da za a nuna wa ɗalibai a aji daban take da wadda za a buga a firintar 3D, ita ma daban take da wadda za a yi lissafin ɗaukar nauyi da ita. Wadda likita zai dogara da ita ya shiga tiyata kuwa wata duniya ce. Fayil ɗin STL, wato tsarin fayil da ake ba firintar ta buga, fanko ne, kamar ƙwarya, bango kawai yake da shi. Lissafin injiniya yana buƙatar a cike cikin da ƙananan guntaye dubbai masu manne da juna, kamar tubala a jikin katanga, a kuma gaya wa kowane guntu taurinsa. Manhajoji da yawa suna iya ba ka ƙwaryar. Kaɗan ne ke cike ta da kyau.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin nan da dala ake biyansa. Na uku kwamfuta da wuta da data: mu da ke aiki da sola da inbata, ko mu kai caji shago, manhajar da ke son injin tebur mai cin wuta ta riga ta yi mana tsada tun kafin a tambayi farashinta. Na huɗu sauƙin koyo ga wanda ba shi da malami kusa. Na biyar ɗorewa: shekara biyar nan gaba, za ka iya buɗe aikinka? Na shida haɗari, ga mara lafiya da kuma ga kai kanka.

InVesalius

Na fara da ita ne saboda tarihinta ya yi kama da halinmu. Cibiyar fasaha ta Renato Archer da ke Campinas a Brazil ce ta fara gina ta a 2001, don asibitocin gwamnati na can da ba su da ƙarfin sayen manhajar waje. An sa mata sunan Andreas Vesalius, masanin halittar jiki na ƙarni na 16. Kyauta ce, tana aiki a Windows, Linux da Mac.

Tagarta tana jan ka mataki huɗu a jere: shigar da hotuna, zaɓi abin da kake so, gina siffa, fitar da fayil. Idan ka zaɓi ƙashi, za ta sa maka iyaka daga 226 zuwa sama a ma'aunin Hounsfield da kanta, nan take ka ga ƙoƙon kai ko ƙugu yana juyawa a gabanka. Ɗan yayana ya fitar da ƙauri na farko kafin a kira magariba. Ba ta da nauyi sosai, tsohuwar laftof mai ram (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) gigabayit 8 tana ɗaukarta ba gunaguni.

Iyakarta tana bayyana ne inda aiki ya yi tsauri. A gaɓa, inda ƙashi biyu suka matse juna, ko a ƙashin tsoho da ya yi laushi har lambobinsa suka sauko kusa da na nama, za ka koma gyara da hannu yanki bayan yanki, kuma kayan gyaranta ba su kai na Slicer yawa ba. Tana ba ka ƙwarya mai kyau. Cikowa sai ka nemi wata manhajar.

3D Slicer

A nan zan daɗe, domin ita nake ba mafi yawan mutane shawara. Ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1990, daga haɗin gwiwar jami'ar MIT da ɗakin binciken tsara tiyata na asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, kuma har yau ana sabunta ta. Kyauta ce, lasisinta ma ya yarda a yi aikin kasuwanci da ita. Tana aiki a Windows, Mac da Linux, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar intanet don aikin yau da kullum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda sai ya fita bakin titi yake samun sabis.

Ranar farko tana firgita mutum. Tana da sassa fiye da ɗari, kuma babu wanda zai kama hannunka. Shawarata ita ce ka manta da duka ka zauna a sashe guda mai suna Segment Editor. A cikinsa Threshold yana ware maka ta lamba, Islands yana zubar da ɓarɓashi, Scissors yana yanke gadon na'ura da duk abin da ba ka so, Smoothing yana goge kaushi. Mafi daraja shi ne Grow from seeds: ka shafa ɗan launi a cikin ƙashin ƙauri, ka shafa wani launi a ƙaramin ƙashin da ke gefensa, wani kuma a nama, sai manhajar ta bi kowane launi ta shimfiɗa shi har iyakarsa. Abin da zai ci maka yini da hannu yakan dawo awa guda. Duk da haka sai ka bi yankunan ɗaya bayan ɗaya ka duba, domin tana kuskure a inda iyaka ta dushe.

Akwai ƙari da ake ɗora mata. TotalSegmentator, wanda aka gina a asibitin jami'ar Basel da ke Suwizalan, yana ware sassan jiki fiye da 100 daga hoton CT da kansa. Abin sha'awa ne, amma saukar da shi na cin data da gigabayit, kuma idan kwamfutarka ba ta da katin hoto mai ƙarfi, wato sashen da ke sarrafa hotuna, zai ja lokaci ya kuma zuƙe batir. Yana da zaɓin gaggawa da ke aiki da ƙaramin daki-daki na milimita 3, wanda ya isa kallo amma bai isa zanen ƙarfe ba. Idan za ka sauke shi, ka bari sai ranar da ka shiga makaranta ko birni. Akwai kuma SegmentMesher da ke cike siffa da guntayen lissafi.

Masu manhajar suna ba da shawarar ram 8 ko fiye, da ƙa'idar cewa ram ɗinka ya ninka girman hotunan da ka loda sau goma. Dabarar da ke ceton ƙaramar kwamfuta ita ce ka fara yanke hoton ka bar wurin da kake buƙata kawai. Kuma ka riƙa adana aikinka akai-akai, musamman idan batirin laftof ɗinka ya tsufa.

Ga hanyar injiniya ta kyauta daga farko har ƙarshe, wadda na zana wa ɗan yayana a bayan takarda: Slicer ta ware ƙashi, MeshLab ko Blender su toshe ramuka su rage yawan ƙananan fuskokin da suka haɗu suka yi ƙwaryar, Gmsh ta cike ciki, Bonemat ta cibiyar ƙashi ta Rizzoli da ke Bologna a Italiya ta ba kowane guntu tauri gwargwadon lambarsa ta Hounsfield, FEBio ta yi lissafin. Ko sisi ba ka biya ba, amma ka biya da lokaci. Kowace mahaɗa tsakanin manhaja biyu wuri ne da aiki ke iya karyewa: siffa ta juya baya, ko ma'auni ya canza tunda STL ba ya faɗin milimita ne ko inci, ko ƙwaryar ta zo da tsaga ta ƙi cikuwa. Wanda ya jure wannan yakan fito ya fahimci aikin fiye da wanda ya danna maɓalli guda.

Haɗarin Slicer a fili yake, kuma masu ita da kansu sun rubuta shi: ba ta da amincewar FDA, hukumar Amurka mai kula da magunguna da kayan asibiti, don aikin asibiti. Ta bincike ce da koyarwa.

ITK-SNAP

Ƙarama ce mai aiki guda, Paul Yushkevich na jami'ar Pennsylvania da Guido Gerig ne suka jagoranci gina ta. Kyauta ce. Ƙwarewarta ita ce nama mai laushi a hoton MRI: ka ajiye ƙaramin kumfa a cikin ƙari ko wani sashe na ƙwaƙwalwa, ya riƙa kumbura har ya cika wurin. Tagarta ba cunkoso, zane da hannu a cikinta yana da daɗi. Idan aikinka ƙashi ne daga CT, ba ta da abin da za ta ƙara maka a kan biyun farko.

Mimics

Kamfanin Materialise na garin Leuven a Beljiyam ne ke yin ta, kamfanin da Wilfried Vancraen ya kafa a 1990. Malamin ɗan yayana bai yi kuskure da ya ambace ta ba, ita ce za ka fi gani a takardun binciken ƙashi. Tare da 'yar uwarta 3-matic za ka ware, ka gyara, ka zana ƙarfe ko jagorar yanka, wato abin da ke nuna wa likita inda zai yanka, da ta kwanta daidai jikin ƙashi, ka cike ciki, ka raba tauri bisa lambobin hoto, duk a gida ɗaya. Tana da nau'in bincike da nau'in asibiti. A 2018 wani nau'inta mai suna Mimics inPrint ya zama manhaja ta farko da FDA ta amince a buga siffofin jiki da ita don amfanin likitoci wajen gano cuta.

Ba a kafa farashinta a fili, sai ka rubuta musu su ba ka, kuma magana ce ta dubban daloli, ana sabuntawa, kowane ƙarin sashe da kuɗinsa. Jami'o'i na samun rangwame. A Windows take aiki, tana kuma son kwamfuta mai ƙarfi. Ta fuskar ɗorewa, kamfanin tsayayye ne, amma fayil ɗin aikinka a tsarinsu yake, ranar da lasisi ya ƙare ƙofa ta rufe. Duk mai amfani da ita ya riƙa fitar da kwafi a STL ya ajiye gefe.

Game da ta satar da aka yi wa ɗan yayana tayi, na ce masa, "Ɗana, kar ka taɓa." Haƙƙin mutane ne, wannan ɗaya. Sannan irin waɗannan kwafi sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kai kuma hotunan jikin mutane za ka zuba a ciki. Kuma ranar da ka so buga sakamakonka a mujalla, ko wani kamfani ya so ɗaukar zanenka, tambayar lasisi za ta taso ba ka da amsa.

Simpleware

An fara ta a Exeter da ke Ingila, kamfanin Synopsys ya saye ta a 2016. Inda ta yi fice shi ne cikowa. Idan siffarka tana da sassa da yawa da ke taɓa juna, kamar ƙashi da guringuntsi da ƙarfe da sukurori, tana fitar da guntayen da suka haɗu daidai a kan iyaka ba giɓi ba hawa kan juna, a shirye don manhajojin lissafi irin su Abaqus, Ansys ko COMSOL. Wannan shi ne wurin da hanyar kyauta ta fi ba da wahala. Ita ma sai an tambayi farashi, tana ajin Mimics a tsada, tana da nau'in asibiti mai amincewar FDA. Ka tuna cewa manhajar lissafin da za ta karɓi aikin ita ma da lasisinta daban.

| Manhaja | Farashi | Kwamfuta | Koyo | Ɗorewar aiki | Cikowa don lissafi | Aikin asibiti |
|---|---|---|---|---|---|---|
| InVesalius | Kyauta | Matsakaiciya | Yini guda | Buɗaɗɗen tsari | Sai da wata | Bincike da koyarwa |
| 3D Slicer | Kyauta | Ram 8 zuwa sama | Makonni | Buɗaɗɗen tsari | Da ƙari, da haƙuri | Bincike da koyarwa |
| ITK-SNAP | Kyauta | Ƙarama ma ta isa | Kwanaki | Buɗaɗɗen tsari | Sai da wata | Bincike |
| Mimics | Dubban daloli | Mai ƙarfi, Windows | Akwai horo daga kamfani | Ya rataya ga lasisi | Tana yi | Akwai nau'in asibiti |
| Simpleware | Dubban daloli | Mai ƙarfi | Akwai horo daga kamfani | Ya rataya ga lasisi | Nan ta fi ƙarfi | Akwai nau'in asibiti |

Abin da ke cikin faifan

Da muka buɗe faifan da ɗan yayana ya zo da shi, sai muka tarar kaurin kowane yanki milimita 5 ne. Ƙaurin ya fito da matakala kamar benen ƙasa. Babu manhaja a cikin biyar ɗin nan da za ta dawo da abin da na'ura ba ta ɗauka ba, kuma idan ka matsa wa gogewa don ɓoye matakalar, ƙashin zai rame ya bar ainihin girmansa. Idan za ka karɓi hoto, ka roƙi ma'aikacin ɗakin hoto cikin ladabi ya ba ka siraran yankuna, milimita 1 ko ƙasa, a tsarin DICOM na asali. Na taɓa karɓar faifai daga wani wuri na dawo gida na tarar hotunan kallo ne kawai irin na waya, lambobin Hounsfield duk sun tafi, tafiyar yini guda ta tashi a banza. Ka buɗe faifan a laftof ɗinka kafin ka bar harabar asibitin. Idan akwai ƙarfe a jikin mutumin, ko cikon haƙori, za ka ga tartsatsin haske kewaye da shi, a nan sai gyaran hannu.

Fayilolin DICOM suna ɗauke da sunan mara lafiya, shekarunsa da ranar hoto. A ƙauye kowa ya san kowa, kuma siffar kai da aka gina daga CT tana iya nuna fuskar mai ita. Sai da izinin mutumin da na kwamitin ɗa'a na asibiti, sai an goge bayanan, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Kar ka tura su ta WhatsApp. Don koyo ma ba ka buƙatar hoton kowa: Slicer na da hotunan gwaji, kuma rumbun The Cancer Imaging Archive yana da dubbai da aka riga aka cire musu suna.

Ga mai bugawa kuma: robar PLA da yawancin firintoci ke amfani da ita tana fara laushi wajen digiri 60. Muƙamuƙin da ka bari a gaban mota a rufe cikin bazara zai lanƙwashe kafin ka sauka. Ka sa shi a jaka cikin inuwa, ka kuma auna shi da ma'aunin injiniya ka kwatanta da awon da ke kan hoto.

Wa ya dace da wacce

Malamin makarantar koyon aikin lafiya ko na sakandare da ke son ƙoƙon kai ko ƙashin baya na nuna wa ɗalibai: InVesalius ta ishe shi, cikin yini guda zai samu abin bugawa.

Ɗalibin injiniya mai aikin kammala karatu ko digiri na biyu a kan ƙashi guda, irin ɗan yayana: 3D Slicer, sannan Gmsh da FEBio, ko manhajar lissafin da sashensu ke da lasisinta. Ya ware makonni biyu ko uku na koyo kafin ya taɓa ainihin aikin, ya kuma rubuta kowace lamba da ya yi amfani da ita don wani ya iya maimaitawa.

Mai bincike a kan ƙwaƙwalwa, ƙari ko tsoka daga MRI: ITK-SNAP don warewa, Slicer don sauran.

Sashen jami'a da ya samu tallafin bincike, mai lissafi a kan gaɓa mai sassa da yawa ko hotuna masu yawan gaske: ya nemi gwajin Simpleware da na Mimics, ya gwada su da hotonsa mafi wahala, ya sa kuɗin sabunta lasisi da na sola mai ɗaukar kwamfutar a cikin kasafi tun farko.

Duk siffar da za ta shiga shawarar tiyata, ko ƙarfen da za a sa a jikin mutum: nau'in asibiti na Mimics ko Simpleware, ƙarƙashin likitan ƙashi da likitan hoto da za su duba warewar su amince, a asibitin da ya ɗauki nauyin aikin, irin manyan asibitocin koyarwa da na ƙashi da ke Kano. Wannan ba aikin mutum ɗaya da laftof a zaure ba ne.

Ɗan yayana ya koma makaranta da Slicer a kwamfutarsa, da takardar neman sabon hoto mai yanka milimita 1 da zai kai wa malaminsa ya sa hannu.